WASIƘAR AKAWUN DAKATA: ƁARAWON DA BA YA HAURA KATANGA

Zuwa ga Edita,

 Na so a makon nan in ci gaba da zancen tsadar man injin da muka faro, sai ga takardar wani malamin makaranta ta iso mini ta hannunka, na ga kuwa abin da ya tambaya ya fi gaggawa. A taƙaice ya ce, an aika wa iyayen yara wasiƙar imel da sunan makarantarsu ana neman su biya kuɗi cikin wani asusu wanda ba na makaranta ba ne. An ɗora wa akawun makaranta laifi, shi kuwa ya rantse bai aika ba, bai kuma ba kowa kalmar sirrinsa ba. Malam yana tambaya, shin yana yiwuwa a shiga akwatin wasiƙun mutum alhali kuwa bai yi sakaci ba?

Malam, i, yana yiwuwa ƙwarai. Ban faɗi haka don na karanta a takarda kaɗai ba. Abin ya faru a gabana, kuma ina da rabona cikin laifin, kamar yadda za ka ji.

Ni dai shekara talatin da 'yan kai ke nan ina aikin akawu a masana'antun Kano. Na fara a Bompai, na yi Sharaɗa, na ɗan taɓa kamfanonin jima na Chalawa, yanzu kuwa ga ni a Dakata. Sa'ad da na fara aiki, wasiƙa takarda ce cikin ambulan. Masinja ya hau keke da mabuɗi a aljihu, ya tafi gidan waya ya buɗe akwatinmu ya kwaso. Iyakar muguntar wasiƙa a zamanin nan ita ce ta zo da ƙarya. Ba a taɓa jin wasiƙa ta tashi daga kan tebur da dare ta buɗe ɗakin ajiya ba. To, ta yanzu tana iyawa, ga kuwa dalili.

Wasiƙar imel ba ta zuwa hannunka kai tsaye. Takan fara sauka a wata babbar kwamfuta wadda masu sana'ar ke kira saba, ni kuwa a nan zan kira ta gidan wayar ofis, don aikinta ke nan: ta karɓa, ta tantance, ta jefa kowace wasiƙa cikin akwatin mai ita. Daga nan sai wata manhaja da ke kan teburinka ko cikin wayarka ta ɗauko ta shimfiɗa maka. Watau kafin idonka ya sauka kan wasiƙa, ma'aikata biyu ko uku sun riga sun buɗe ta sun duba. Su kuwa ma'aikatan nan rubutaccen umarni ne, layi dubbai bisa dubbai, wanda 'yan Adam suka rubuta, inda kuwa ɗan Adam ya yi rubutu mai yawa haka ba a rasa kuskure. Kuskuren da ya fi muni shi ne wanda kan sa manhaja ta kasa bambance saƙon da aka ba ta ta kai da umarnin da aka ba ta ta bi.

Ka ɗauka kana da masinja mai biyayya amma marar wayo. Baƙo ya miƙa masa ambulan, a bayanta an rubuta, "Mai ɗauke da wannan ya buɗe ƙofar sito." Maimakon ya kai wa mai ita, sai ya tafi ya buɗe sito. Wannan shi ne abin da ake kira ɓaraka a manhaja. Mai kutse kuwa ba ya bukatar ya zo Kano, balle ya san hanyar Dakata. Daga kowace ƙasa mai intanet yana iya aiko ambulan ɗin, cikin dare, mai gadinmu yana zaune bakin ƙofa da tocila da kulki bai ga kowa ba.

Abin kuma ba sabo ba ne. Ran 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki wata 'yar manhaja mai yaɗa kanta, ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi kuwa wata kafa ce a manhajar rarraba wasiƙu mai suna Sendmail. An ƙiyasta ta kama kwamfuta wajen 6,000, a lokacin da duk waɗanda ke haɗe da intanet ba su wuce kamar 60,000 ba. Tun daga ran nan har yau ana toshe wata kafa, wata tana bayyana.

Yanzu ga labarinmu. A damanar 2021 ina babban akawu a wata masana'antar robobi wadda ba zan ambaci sunanta ba. Muna da namu gidan wayar ofis, yana cikin wani ɗan ɗaki mai na'urar sanyaya iska, manhajar da ke cikinsa kuwa Exchange ce ta kamfanin Microsoft. Muna alfahari da shi, muna cewa wasiƙunmu a gidanmu suke kwana. Muna kuma da wani babban dila a Maiduguri wanda muka daɗe muna ciniki da shi, mu aika masa da kaya, mu bi shi da takardar kuɗi ta imel, ya biya ta banki.

Wata rana kuɗin tirela biyu suka yi jinkiri. Na buga waya in yi tuni, sai akawunsa ya ce ai sun biya tun kwana tara, cikin sabon asusun da muka aiko musu. Na ce wane sabon asusu? Ya turo mini wasiƙar. Jama'a, na duba sama na duba ƙasa, ban ga aibu ba. Adireshinmu ne sosai, babu harafi ɗaya da aka sauya. A ƙarƙashinta ga dukan zancen da muka yi da su tun farkon cinikin, har da gaisuwar da aka yi musu ta Sallah. Sunan da ke ƙasa kuwa na ƙaramin akawunmu ne, wani yaro mai natsuwa wanda bai cika shekara biyu da kama aiki ba.

Maigida ya kira mu. Ya tambaye ni, "Malam, me ka gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wasiƙa daga akwatin yaron nan ta fita, kuma shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa." Ban ce shi ya yi ba, amma abin da na faɗa ya isa. Aka dakatar da shi, aka kai magana wurin 'yan sanda, ya kwana biyu a can kafin kawunsa ya yi belinsa. Sa'ad da ya zo kwashe 'yan kayansa ya tsaya bakin teburina ya ce, "Baba, kai ma ka yarda ni ne?" Na sunkuyar da kai ina juya takardu, ban ba shi amsa ba.

Abin da ban sani ba a ranar, ko kuwa in faɗi gaskiya, abin da aka gaya mini na ƙi saurara, shi ne abin da ya auku a duniya wata biyar kafin nan. A farkon Janairu 2021 wani mai bincike na ƙasar Taiwan, wanda aka sani da suna Orange Tsai, ya sanar da Microsoft cewa ya gano babbar ɓaraka a Exchange. Ran 2 ga Maris 2021 kamfanin ya fito da faci na ɓaraka huɗu, ya kuma shaida wa duniya cewa wata ƙungiya da ya laƙaba wa suna Hafnium, wadda ya ce daga ƙasar Sin take aiki, ta riga ta fara shiga ta nan. Gwamnatin Sin ta musanta hannu a ciki.

Ga yadda ɓarakar take, bisa ga abin da aka fahimtar da ni. Exchange kamar gida ne mai zaure da ɗakunan ciki. Zaure yana fuskantar titi, watau intanet, don ma'aikaci ya iya duba wasiƙunsa ko yana tafiya. Ɗakunan ciki kuwa sun amince da duk abin da zaure ya miƙo musu. Ɓaraka ta fari ta ba baƙo dama ya sa zaure ya miƙa bukatarsa ciki kamar ta maigida ce, ba tare da an tambaye shi suna ko kalmar sirri ba. Wata ɓarakar kuma ta ba shi dama ya ajiye ɗan rubutunsa a cikin gidan. Ɗan rubutun nan shi ne ɓoyayyiyar ƙofarsa, wadda zai riƙa shiga ta ita duk sa'ad da ya ga dama, ya karanta wasiƙun kowa, ya aika da sunan kowa.

Da faci ya fito sai ɓarayi suka gane inda tsagar take, gama mai duba faci ya san inda riga ta yage. Cikin kwana goma kamfanin tsaro na ESET ya ƙidaya ƙungiyoyi aƙalla 10 suna rige-rigen shiga. An ba da labarin cewa a Amurka kaɗai wurare aƙalla 30,000 abin ya shafa. Majalisar dokokin ƙasar Norwe ta ce an shige ta, haka nan hukumar lura da bankunan Turai. A watan Afrilu 2021 har sai da wata kotu a Amurka ta ba hukumar FBI izni ta shiga ɗaruruwan kwamfutocin mutane ta cire ɓoyayyun ƙofofin nan, don masu su sun kasa.

A nan akwai abin da nake so masu ƙananan masana'antu su lura da shi. Sau da yawa na ji ana cewa, "Mu su wa? Wa zai bar bankunan Turai ya zo kanmu a Dakata?" Ai ɓarawon nan ba ya zaɓe. Na'ura yake sakawa ta bi adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, duk duniya, tana taɓa kowace ƙofa, wadda ta tarar a buɗe ta jefa alama ta wuce. Sai daga baya ya zauna ya duba abin da komarsa ta kamo. In bai ga abin da yake so ba yakan sayar wa wani da mabuɗin, shi kuwa mai sayen yana iya zama wanda ya san darajar kuɗin tirela biyu sarai.

Bayan mako uku da tafiyar yaron, wani abokin cinikinmu na Legas ya bugo yana tambayar dalilin da muka sake asusu. Wannan karon wasiƙar daga akwatina ta fita, da sunana. Allah ya taimake mu bai biya ba. Jikina ya yi sanyi, don ni dai na san ban aika ba, ga shi kuwa hujjar da na kafa a kan yaron ita ce ta hau kaina. Sai a sa'an nan Maigida ya yarda aka kira wani saurayi da ya yi karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero. Ya shiga ɗan ɗakin nan da hantsi, kafin la'asar ya kira mu ya nuna mana wasu 'yan rubuce-rubuce guda uku waɗanda ba na Microsoft ba ne, mafi tsufansu an ajiye shi tun cikin Maris. Ya buɗe littafin shige da fice wanda na'urar ke rubutawa da kanta, ya nuna mana an aika da wasiƙar Maiduguri da ƙarfe uku na dare daga wani adireshi na waje, an kuma kafa ƙa'ida a akwatin yaron cewa duk amsar da ta zo daga dilan a kau da ita zuwa wani lungu kada ya gani. Wata biyar baƙo yana zaune cikin gidanmu yana karanta cinikinmu, yana koyon yadda muke gaisuwa.

Sa'an nan ya tambaya, "Baba, wa ke sa muku faci?" Na yi shiru. Mutumin da ya kafa mana na'urar ya aiko da takarda tun cikin Maris, yana cewa akwai gyara na gaggawa, a biya shi bashinsa na baya ya zo. Takardar tana kan teburina. Na ga wasiƙu suna shiga suna fita lafiya lau, ga kuɗin man injin ya sha mana kai, sai na sa ta ƙarƙashin sauran takardu na ce sai wata ya kama. Kuɗin da na yi wa rowa bai kai na tayar tirela ɗaya ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa an nuna mini tsagar da yatsa na kau da kai.

Kuɗin Maiduguri dai ba su dawo ba, an raba asarar tsakaninmu da dila bayan doguwar magana. Na tafi gidan su yaron da kaina, na tarar da kawunsa, na faɗi abin da aka gano, na roƙi gafara. Yaron ya ce, "Ba kome, Baba, ya wuce." Amma bai komo aiki ba, ban kuwa ga laifinsa ba.

Kada mai karatu ya ce to, ai mu ba mu da irin wannan na'ura, mun tsira. Bari in kawo misali uku, kowanne ta ƙofa dabam.

Na fari, manhajar kan tebur. Ran 14 ga Maris 2023 Microsoft ya fito da facin wata ɓaraka a Outlook na Windows. Kun san Outlook yakan kaɗa 'yar ƙararrawa don ya tuna wa mutum da taro. To, sai aka gano mai aiko da gayyata yana iya cewa a ɗauko sautin ƙararrawar daga wata kwamfuta tasa can nesa. Outlook kuwa garin ɗauko sautin sai ya miƙa shaidar shigar mai akwatin, wadda ɓarawo kan iya amfani da ita a madadin kalmar sirri. Ba sai an buɗe wasiƙar ba, isowarta kaɗai ta wadatar. Hukumar tsaron kwamfuta ta ƙasar Yukren tana cikin waɗanda suka gano abin, Microsoft kuwa ya ce wata ƙungiya ta Rasha ta yi aiki da ɓarakar tun Afrilu 2022. Wane sakaci za a ce akawu ya yi a nan?

Na biyu, mai gadin kansa. Akwai na'urar da akan saya a ajiye gaban gidan wayar ofis don ta tace miyagun wasiƙu. A watan Mayu 2023 kamfanin Barracuda, mai ƙera irin wannan na'ura, ya sanar da cewa an sami ɓaraka a yadda na'urarsa ke bincika takardun da akan maƙala wa wasiƙa, kuma ana shiga ta nan tun Oktoba 2022. A watan Yuni ya gaya wa waɗanda aka riga aka shiga tasu su cire na'urar ɗungum su sake wata, faci ba zai wadatar ba.

Na uku, gidan haya. Yawancin ƙananan kamfanoni da makarantu ba su da gidan waya nasu, haya suke yi wurin masu ajiye shafukan intanet, suna duba wasiƙa ta wata manhaja, sau da yawa Roundcube. A watan Oktoba 2023 ESET ya ba da labarin wata ɓaraka a cikinta, wadda duban wasiƙa kawai ya isa a kwashe abin da ke akwatin. Masu Roundcube sun gyara cikin 'yan kwanaki, amma gyaran ba ya isa gare ka sai mai gidan hayarka ya ɗauko ya sa. Malamin da ya aiko da tambaya, ina ba ka shawara ku fara bincike daga nan.

Ban ce kullum laifin na'ura ne ba. Akwai hanya ta biyu, ita ce yaudarar mutum har ya miƙa kalmar sirrinsa da hannunsa, kuma ita ta fi yawa. Ta nan aka shiga akwatin babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da manyan injunan Caterpillar, a watan Afrilu 2018, aka aika da umarnin biya da sunansa har aka kwashe kusan dala miliyan 11. Wata kotu a Amurka ta ɗaure ɗan ƙasarmu Obinwanne Okeke shekara 10 a kan wannan a watan Fabrairu 2021. Hukumar FBI kuwa ta ce a shekarar 2023 kaɗai ƙarar da aka kai mata ta irin wannan zamba ta wasiƙun ciniki ta kai asarar dala biliyan 2.9. Abin da nake cewa shi ne hanyoyi biyu ne, mai bincike na gari kuwa ba ya yanke hukunci sai ya duba dukansu.

To, mene ne magani? Ga abin da muka koya da tsada, na ba ku kyauta.

Na ɗaya, kowane ofis ya san sunan mutum guda wanda faci ke wuyansa, a rubuta a takarda, a kuma ware kuɗinsa kamar yadda ake ware na mai gadi. Microsoft yakan fito da facinsa ran Talata ta biyu ga kowane wata. In an ce gyara na gaggawa ne, a yi shi cikin kwanakin nan, ko da aiki zai tsaya rabin yini.

Na biyu, a san cewa manhaja tana tsufa har masu ita su daina yi mata faci. Windows 7 an bar shi ran 14 ga Janairu 2020. Office 2010 an bar shi a Oktoba 2020, Office 2013 da Exchange 2013 a Afrilu 2023. Ran 14 ga Oktoba 2025 kuwa wa'adin Windows 10 ya cika, tare da Office 2016 da 2019, da Exchange 2016 da 2019. Na sha shiga ofisoshi a Sharaɗa da Bompai na ga ana aiki da tsofaffin nan, wasu ma kwafin sata ne da aka kashe musu hanyar karɓar gyara don kada a gane su. Mai irin wannan ya sani ƙofarsa ba ta da sakata, babu kuma maƙerin da zai ƙera mata.

Na uku, wanda ba shi da ma'aikacin da zai tsare gidan waya dare da rana, gara ya bar riƙe nasa ya koma wurin manyan kamfanonin da ke sa faci da kansu. Ɓarakar Maris 2021 ba ta shafi masu Exchange na haya a wurin Microsoft ba. Su ma manyan ba su fi ƙarfin kutse ba, amma suna da masu tsaro waɗanda ba mu da su. Mai zama gidan haya kuma ya tambayi mai gidan a rubuce, yaushe rabonsa da sabunta manhajar wasiƙu.

Na huɗu, faci ba ya korar wanda ya riga ya shiga. In an makara, sai an bincika gida lungu lungu, a cire abin da baƙo ya ajiye, a sake kalmomin sirri duka, a duba ƙa'idodin da aka kafa cikin kowane akwati.

Na biyar, a sa mabuɗi na biyu, watau bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba da ke fitowa a wayar mai akwatin. Wannan ba ya toshe ɓarakar gidan waya irin tamu, amma yana tare mafi yawan masu shiga ta hanyar yaudara.

Na shida, wanda ya fi sauƙi kuma da shi kaɗai da kuɗin Maiduguri ba su tafi ba: kada a sake asusun da ake biya saboda wasiƙa, ko daga wa ta fito. A buga waya ga lambar da aka sani tun da, ban da wadda ke cikin wasiƙar, a ji muryar mutumin da aka sani. Iyayenmu fatake da suka yi ciniki daga Kano har Gwanja ba su miƙa dukiya ga baƙuwar takarda sai da shaidar wanda suka sani. Mu gaya wa abokan cinikinmu tun yau cewa mu ma haka za su yi mana.

Na bakwai, in abu ya faru a gaya wa banki nan take, gama sa'o'in farko su ne ake iya tare kuɗi. A kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Kada a goge kome, kada a wanke na'ura kafin masani ya duba, don a cikinta shaida take. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hukunta shiga kwamfutar wani ba da izni ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane, in an sace su ta yadda zai cutar da su, ya sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'a 72. Ɓoye abin don jin kunya yana iya zama laifi na biyu.

Daga ƙarshe ina komawa kan tambayarka, Malam. Ka gaya wa shugaban makarantarku, da ladabi, cewa fitar wasiƙa daga akwatin mutum ba ta isa shaidar cewa shi ya rubuta ba. A nemi littafin shige da fice daga masu riƙe muku da wasiƙu, a ga daga ina aka shiga, da wane lokaci, a ga kuma ko sun sa faci. A duba asusun da aka ce a biya ciki, na wane ne. In bincike ya nuna akawu ne, to, doka ta yi aikinta. In kuwa bai nuna ba, a wanke shi a gaban waɗanda aka zarge shi a gabansu. Akawu ba shi da jari sai amana, in aka ɓata masa ita a unguwar masana'antu irin tamu, inda kowa ya san kowa, ya daɗe bai sami wani tebur ba. Ni na yi gaggawar magana, har yau kuwa in na bi ta ƙofar gidansu nakan tuna.

Ina roƙon akawunan Sharaɗa da Chalawa da Bompai, duk wanda irin wannan ta taɓa samu, ya rubuto ta hannun Edita, ba sai ya faɗi sunan wurin aikinsa ba, don mu ƙaru da juna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Zancen man injin kuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Ni ne naku,
Akawun Dakata, Kano.